RA'AYINMU: A Gina Wa Gwauro Mai 'Ya'ya Ɗaki Kafin Damina Ta Dawo

 Muna yi wa Allah godiya da ya nuna mana ƙarshen wata damina. Yanzu da amfanin gona ya shigo gida, ikkilisiyoyi kuma suna shirin baikon godiya na kaka, muna so mu ajiye wata magana a gaban majalisun ikkilisiya tun ba a gama kasafta abin da za a samu ba. Maganar ita ce ta mutumin da matarsa ta rasu, ko ta tafi, ta bar shi da ƙananan yara, ga talauci, ga kuma ɗakin da suke kwana a ciki yana neman faɗuwa. Roƙonmu ɗaya ne: kowace ikkilisiya da take da irin wannan iyali ta tashi ta gina masu wurin kwana a wannan rani, kafin ruwan sama ya dawo.

WANDA IDO YAKE TSALLAKEWA

Duk wanda ya taɓa zama a majalisar ikkilisiya ya san yadda ake kula da gwauraye mata. Akwai jerin sunayensu a hannun magatakarda, Zumuntar Mata tana kai masu ziyara, lokacin Kirsimeti kuma a ba su hatsi da turmin zane. Wannan aiki ne mai kyau, yana kuma da tushe. A Ayyukan Manzanni sura 6 an zaɓi mutum bakwai domin rabon abincin gwauraye, Bulus ya tsara wa Timoti yadda za a riƙa rubuta sunayensu, Yakubu kuma ya sa kula da marayu da gwauraye cikin alamun addini na gaskiya. Ba mu ce a rage ko mudu ɗaya daga rabonsu ba.

Amma namijin da ya shiga irin wannan hali fa? Bahaushe yana tausayin gwauruwa, gwauro kuwa dariya yake yi masa. Har a wasannin tashe akwai kamun gwauro, a Kano ma akwai Nalako, sarkin gwagware. Wasa ne, amma ya nuna yadda jama'a take kallon namijin da ba shi da mace a gida: ana ganin ko dai rago ne, ko kuwa halinsa ne ya jawo masa. Shi kansa an tashe shi a kan cewa namiji ba ya kuka, ba ya kuma kai ƙarar cikinsa ga kowa. Saboda haka ran Lahadi zai wanke rigarsa ɗaya ya zo sujada, ya zauna a layin maza, in dattijo ya tambaye shi gida ya ce lafiya lau, sai godiya. Ba wanda ya san cewa daren jiya a tsaye suka kwana shi da yara suna tare ruwa da kwanoni.

Irin waɗannan iyaye suna da yawa fiye da yadda ake zato. Bisa ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya, a shekarar 2023 kaɗai mata kimanin 75,000 suka rasu a Nijeriya ta dalilin ciki da haihuwa, wato fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na irin wannan mutuwa a duniya duka. Da yawa daga cikinsu sun bar miji da jariri a hannu, da waɗansu yara a ƙasa. Abu ne da Littafi Mai Tsarki ma ya sani, gama Rahila a wurin haihuwar Biliyaminu ta rasu. Sai a ƙara da matan da cuta ta ɗauke, da waɗanda rikicin Boko Haram ya ci tun daga 2009, da waɗanda 'yan bindiga suka kashe ko suka sace a Zamfara, Katsina, Kaduna da Sakkwato. A cikinmu kuma akwai wani kashi da sauran jama'a ba su cika sani ba, wato mutumin da ya karɓi bangaskiya, surukai suka zo suka ɗauke 'yarsu, aka bar shi da yara.

ABIN DA KE BIN BAYAN FAƊUWAR ƊAKI

Ginin ƙasa gini ne mai son kulawa. Kowace shekara yana bukatar yaɓe, jinka tana bukatar sabuwar ciyawa bayan 'yan shekaru, soro yana bukatar a duba indararo kafin ruwan fari. A ƙauyukanmu mace ba ta zaman banza: tana noma gayaunarta, tana kiwon awaki da kaji, tana sana'ar ƙuli-ƙuli ko daddawa, ita ce kuma mai girki da ɗibar ruwa da reno. Ranar da ta faɗi, rabin ƙarfin gida ne ya faɗi. Mai gida ya koma shi ne a gona, shi ne a murhu, shi ne a asibiti da mai zazzaɓi, in hatsi ya ƙare kuma ya tafi ƙwadago a gonar wani. Wanda yake neman abin da yara za su ci yau ba ya tuna yaɓe. Shekara ɗaya ta wuce, ta biyu ta wuce, bango ya tsage, gara ta ci itacen rufi, ruwa ya riƙa kwanciya a gindin gini. Sai watan Agusta ya zo da marka ta kwana uku, ginin ya jiƙe daga ƙasa, ya zauna.

Ba sai an yi babbar ambaliya ba, amma ambaliyar ma ba ta yi mana nisa ba. A shekarar 2022 gwamnatin tarayya ta ba da labarin mutuwar mutum fiye da 600, da rushewar gidaje fiye da 80,000 ƙurmus, jihar Jigawa kuma tana cikin waɗanda suka fi shan wuya. A watan Satumba na 2024 madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle ta cinye babban ɓangare na Maiduguri. A kowane irin wannan bala'i, gidan da ya riga ya yi rauni shi ne na fari a faɗuwa, mai shi kuma shi ne na ƙarshe a tashi.

To, in ɗaki ya faɗi, me ke biyo baya? Dangi su taru, cikin kyakkyawar niyya, su raba yaran. Jariri ya tafi wurin kaka. Yarinya 'yar shekara goma sha biyu a kai ta aikatau birni, ko a fara maganar aurenta tun ba ta gama firamare ba. Yaro ya bi wani kawu kasuwa ko tasha. Uban kuma ya ɗauki jakarsa ya tafi cin rani, wani lokaci ba ya dawowa. Yaran da suka rasa uwa sai su rasa uba, su kuma rasa juna, alhali uban yana da rai, yana kuma son riƙe su.

Ga mu da muke 'yan tsiraru a garuruwanmu, akwai ƙarin abin dubawa. Sau da yawa dangin da za su karɓi yaran ba masu bi ba ne, ko kuwa suna zaune inda babu majami'a ko kusa. Ba mugunta ce take sa su ba, kowa da abin da yake bi yake renon ɗan da ke gidansa. Amma sakamakon ɗaya ne: yaron da aka miƙa ga Ubangiji a gabanmu, wanda ya fara haddace ayoyi a Makarantar Lahadi, ya ɓace mana saboda rashin 'yan bandir na kwano. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga. A wannan magana bangon na gaske ne, na ƙasa, hannunmu kuma yana iya gyara shi.

Shawarar da aka fi ba irin wannan mutum ita ce ya sake aure. Aure abu ne mai kyau, muna kuma yi wa duk mai nema addu'a. Amma wane uba ne zai ba da 'yarsa ga wanda ba shi da inda zai ajiye ta? Wace mace ce za ta shiga ɗaki ɗaya mai yoyo da 'ya'yan wata huɗu a ciki, a ce za a zauna lafiya? Auren da aka yi cikin gaggawa domin a sami mai girki shi ne yakan haifi labaran matar uba da muke ji. A fara da ɗaki. In aure ya zo daga baya, ya tarar da gida a tsaye.

WAƊANSU SUN RIGA MU

A shekarar 1942 wani mai wa'azi, Clarence Jordan, ya kafa wata gonar zaman tarayya ta masu bi kusa da garin Americus a jihar Jojiya ta Amurka, aka sa mata suna Koinonia, kalmar Helenanci mai ma'anar zumunta. Maƙwabtansu talakawa ne da ke zaune a bukkokin katako masu yoyo. A 1968 Jordan da wani lauya mai suna Millard Fuller suka fito da wani tsari: a gina wa matalauci gida mai sauƙi, shi ma ya sa hannu a aikin, ya riƙa biyan kuɗin kayan a hankali ba riba ba ruwa, abin da ya biya kuma a gina wa wani da shi. Gidan fari ya kammala a 1969. A 1973 Fuller da matarsa Linda suka kai wannan tsari garin Mbandaka a ƙasar Zayar, wadda yanzu ake kira Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kwango, suka yi shekara uku suna gwada shi. Da suka koma gida a 1976 suka kafa ƙungiyar Habitat for Humanity, wadda ta bazu ƙasashe da yawa. Tsohon shugaban Amurka Jimmy Carter, wanda ya rasu a watan Disamba na 2024 yana da shekara 100, ya fara ɗaukar guduma tare da su a 1984, ya kuma yi shekaru fiye da talatin yana fita aikin.

Abin koyo a nan shi ne sun ɗauki matalauci a matsayin abokin aiki. Wannan kuwa ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Kakanninmu suna kiransa gayya. Mutum ya sanar da unguwa, a taru ran da aka sa, a kwaɓa ƙasa, a ɗora jinka, a ci tuwo a watse, gobe kuma shi ma ya je na wani. Daga nan karin maganar nan ta fito cewa hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Kada kuma wani ya raina ginin ƙasa. Majami'ar St. Bartholomew da ke Wusasa, wadda aka gina da ƙasa bisa fasahar maginan Hausa a 1929, ta kusa cika shekara ɗari tana tsaye, domin an gina ta da kyau ana kuma kula da ita. 'Yan'uwanmu na EYN ma, bayan da Boko Haram ta mamaye hedkwatarsu da ke Kwarhi a watan Oktoba na 2014 ta ƙone garuruwa da dama, sun kafa sashen agaji wanda cikin ayyukansa har da rufa wa mutane gidajen da aka ƙone. In ikkilisiyar da aka tarwatsa ta iya rufa gidaje a ƙauyuka da yawa, ikkilisiyar da take zaune lafiya ba za ta kasa ɗaki biyu ba.

YADDA ZA A BI DA AIKIN

Kyakkyawar niyya kaɗai ba ta tsai da gini. Ga abubuwa bakwai da muke ba majalisun ikkilisiya shawara a kansu.

Na ɗaya, zaɓen iyali. A kafa ƙaramin kwamiti: dattijo biyu, uwa ɗaya daga Zumunta, matashi ɗaya, da magini ko birkila in akwai. Su je da ƙafarsu su ga ɗakin. Abin dubawa shi ne halin da ginin yake ciki, yawan yara da shekarunsu, da ko akwai dangi masu hali. Kada yawan baikon mutum ko kusancinsa da wani babba ya shiga lissafi. Dattijon da abin ya shafi ɗan'uwansa ya janye daga zaman. Kafin a sanar da kowa, fasto ya sami mutumin a keɓe ya nemi yardarsa. Kada a tsai da shi a gaban taron sujada ana lissafa talaucinsa yaransa suna ji. Namijin da aka kunyata a gaban jama'a zai gwammace ɗakin ya faɗo masa.

Na biyu, fili. Wannan shi ne inda ayyuka da yawa suke lalacewa. In filin na gado ne da ba a raba ba, a tara 'yan'uwan su amince a rubuce. A sami takarda da sa hannun mai unguwa da dagaci da shaidu. Dokar filaye ta 1978 ta ba ƙaramar hukuma ikon ba da takardar izinin zama a filayen karkara, saboda haka inda hali ya yi a nemi wannan ma. A rubuta a fili cewa gidan na uban ne da 'ya'yansa. In ba haka ba, ranar da kwano ya hau sai wani baffa ya fito ya ce ai filin ubansa ne, ko kuwa bayan ran mutumin a kori marayun. Gidan kuma ba na ikkilisiya ba ne. Kada wata rana a ce wa mutum, in ba ka yi kaza ba za mu karɓe. Abin da aka bayar domin Ubangiji an bayar ke nan.

Na uku, tsarin gini. Ɗaki biyu ne mafi ƙanƙanta, domin uba ba zai ci gaba da kwana ɗaki ɗaya da 'ya mace mai tasowa ba. A ƙara da 'yar rumfar girki, da masai, da danga ko katanga. Kada a gina a kan hanyar ruwa ko a bakin fadama, ko da filin kyauta ne. A sa harsashi na dutse ko layi biyu zuwa uku na bulon siminti, sa'an nan a ɗora tubali, gama daga gindi ruwa yake kashe ginin ƙasa. Bakin kwano ya zarce bango sosai domin ya kare shi daga feshin ruwa. A ɗaure katakon rufi da waya ko ƙarfe a cikin bango saboda iskar farkon damina, a shafe shi da baƙin mai saboda gara. A yi taga biyu masu fuskantar juna da wayar sauro, a toshe tsakanin bango da rufi inda sauro yake bi ya shiga. Ɗaki mai iska yana rage haɗarin sanƙarau, wanda yake yaɗuwa lokacin zafi inda mutane suka cunkushe. In siminti ya yi kaɗan, a fara da daɓen ƙasan ɗaki. A ƙasar Meziko gwamnati ta yi shirin daɓe ɗakunan talakawa da siminti tun daga shekarar 2000, binciken da aka buga a 2009 kuma ya nuna cewa gudawa a tsakanin ƙananan yara ta ragu da kusan rabi, tsutsar ciki kuma da fiye da kashi uku cikin huɗu. Masai ya yi nisan aƙalla mita 30 daga rijiya. Kada a ce waɗannan ƙananan abubuwa ne. Shari'ar Musa ma ta umarci mai sabon gida ya yi wa soronsa kariya domin kada wani ya faɗo, kamar yadda yake a Maimaitawar Shari'a 22:8. Ginin da aka yi wa matalauci bai kamata ya zama na a-yi-a-gama ba.

Na huɗu, lokaci. A buga tubali tsakanin Nuwamba da Janairu, tun kududdufai suna da ruwa, matasa kuma ba su watse cin rani ba. A ta da bango a Fabrairu. A rufa kafin Ista. Wanda ya bari sai Afrilu zai sayi ruwan kwaɓa ƙasa da kuɗi, wanda ya bari sai Mayu kuwa hadari ne zai tashe shi daga aiki.

Na biyar, kuɗi. Mun san halin da ake ciki. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce a 2022 mutum miliyan 133 ne a Nijeriya suke cikin talauci ta fuskoki da yawa. Bayan cire tallafin man fetur a watan Mayu na 2023 kayan gini sun yi tashin gwauron zabo, har a farkon 2024 buhun siminti ya haura naira 10,000 a wurare da dama, alhali mafi ƙanƙancin albashi da aka amince da shi a shekarar 2024 naira 70,000 ne. Shi ya sa muke cewa a sayi abin da hannu ba zai iya yi ba kaɗai: kwano, katako, ƙusa, 'yan buhunan siminti, ƙofa, taga da ladan kafinta. Ƙasa, ruwa, yashi, dutse da ƙarfi muna da su. A yi lissafi mai sauƙi. In ikkilisiya tana da gida arba'in, kowane gida ya ba da tiya biyar ta hatsi a kaka, an sami tiya 200, kimanin buhu biyar ke nan. A adana shi da kyau a sayar sa'ad da farashi ya ɗaga. 'Ya'yan ƙauyen da suke aiki a Kano, Kaduna, Jos ko Abuja a rubuta masu, wani ya ɗauki bandir ɗaya, wani ƙofa, wani siminti. Ikkilisiyoyin birni su ɗauki na ƙauye a matsayin ƙanne. A fi karɓar kaya a kan tsabar kuɗi. Abin da ya shigo da abin da ya fita a rubuta a littafi, mutum biyu su sa hannu, a karanta wa jama'a rahoto kowane wata. Kuɗin taimako da ba a ba da lissafinsa ba shi yake kashe zuciyar masu bayarwa, har aiki na gaba ya rasa mai sa hannu.

Na shida, rabon mai gida. In yana da lafiya, shi ne zai fara isa wurin aiki, shi ne kuma zai bar wurin a ƙarshe. A nemi shawararsa a kan inda ƙofa za ta kalla da inda rumbu zai zauna, gama gidansa ne. A yi yarjejeniya da shi cewa in an zo gina wa wani zai ba da kwanakinsa, in kuma Allah ya buɗa masa zai riƙa kawo 'yan tiyoyi a asusun ginin, ba tare da an ɗora masa ruwa ko wa'adi mai tsanani ba. Ta haka zai shiga ɗakinsa da kansa a ɗage, yaransa kuma za su tashi suna cewa babanmu ne ya gina tare da 'yan'uwa. Mara lafiya da tsoho kuwa a ɗauke masu wannan. Yara su taya da abin da ya dace da ƙarfinsu ran Asabar, amma kada a hana su makaranta saboda ɗibar ruwan gini.

Na bakwai, bayan an miƙa mabuɗi. Iyayenmu mata na Zumunta, nan ne naku aikin ya fi yawa. Ku riƙa leƙa gidan, ku biyu ko uku a tare saboda bakin mutane. Ku duba kan yaran da tufafinsu, ku koya wa 'yan matan abin da uwa ce take koyarwa, ku koya wa mazan ma girki da wanki. Ku lura kada babbar 'ya ta zama uwar gida tana da shekara goma sha ɗaya har ta bar karatu. Dattawa su taimaka da iri da taki a farkon damina, matasa kuma su sa ranar yaɓe kowace shekara, har mutumin ya tsaya da ƙafarsa.

GA MASU CEWA AMMA

Wani dattijo zai ce, majami'armu ma ba mu gama rufa ta ba, gidan fasto yana yoyo, annabi Haggai kuma ya tsauta wa masu gina gidajensu su bar Haikali a rushe. Gaskiya ne. Amma waɗanda Haggai ya tsauta wa suna zaune ne a gidaje masu ado, ba marayu ne da ruwa yake dukansu ba. Jama'a za su iya yin sujada a ƙarƙashin rumfa wata shekara ɗaya, da yawa daga ikkilisiyoyinmu ma a gindin itace suka fara. Yarinyar da aka aurar tana da shekara goma sha uku kuwa ba a dawo da ita. Gidan fasto hakki ne a kanmu, a sa shi a layi, amma kada ya zama dalilin rufe wannan magana.

Wani zai ce ai nauyin dangi ne. Haka ne, Bulus ma ya ɗora wa iyali nauyin nasu kafin ikkilisiya. Saboda haka kwamiti ya fara zuwa wurin dangi ya tuna masu, mai hali a cikinsu ya kawo nasa. Amma mu tuna cewa a cikinmu akwai waɗanda danginsu suka juya masu baya saboda sunan Almasihu. Ranar da aka yi masu baftisma mun ce masu sun sami sababbin 'yan'uwa. Yanzu ne za a san ko da gaske muke.

Wani kuma zai ce in an yi wa ɗaya, goma za su taso, a sami gunaguni. Gunaguni ya taso a ikkilisiyar Urushalima ma, manzanni kuwa ba su daina rabo ba, tsari suka yi masa. A rubuta sunayen mabukata duka, maza da mata, a jera su bisa tsananin bukata, a sanar cewa gida ɗaya za a yi kowace shekara. In gwauruwa ce ta fi bukata, da ita za a fara. Abin da muke roƙo shi ne sunan namiji mai riƙe da marayu ya shiga wannan takarda. Ikkilisiyar da ta yi gida ɗaya a shekara, cikin shekara goma ta tsai da iyali goma.

Game da maƙwabtanmu Musulmi, a sanar da mai unguwa, a gayyace su kamar yadda aka saba a gayya tun kaka da kakanni. Da yawa za su zo, gama mutumin maƙwabcinsu ne, matarsa ma tare aka yi jana'izarta. Ran da aka kira gayyar ɗakin wani nasu mai irin wannan hali, matasanmu su riga kowa isa da fartanya da bokiti. A wuraren da ba a ba mu damar yin wa'azi a fili ba, ana ganin abin da hannunmu yake yi.

ROƘONMU

Muna roƙon kowace majalisar ikkilisiya ta sa wannan magana cikin abubuwan tattaunawa a zamanta na gaba, kafin Kirsimeti. A tambaya da suna: a cikinmu wane uba ne yake riƙe da yara shi kaɗai, ina kuma suke kwana? In babu, a gode wa Allah, a taimaki ikkilisiyar da ke kusa. In akwai, a kafa kwamiti a wannan zama, a sa ranar buga tubali. Magatakardan gundumomi su tattara rahoto su aiko mana. Za mu buga sunayen ikkilisiyoyin da suka yi aikin da yadda suka bi da shi domin waɗansu su koya, amma ba za mu buga sunan iyali ko hotonsu ba sai da yardarsu.

Kai kuma ɗan'uwa da kake cikin wannan hali, in wannan takarda ta iso hannunka, kada kunya ta sa ka yi shiru har bango ya faɗa wa yaranka. Ka sami fastonka ko wani dattijo da ka amince da shi ka gaya masa. Riƙon da kake yi wa 'ya'yanka aiki ne mai daraja a gaban Allah da mutane, neman hannu a kansa kuma ba ya rage maka girma.

Ubangiji ya ta'azantar da dukan waɗanda suka yi rashi, ya raya marayunmu cikin tsoronsa, ya sa albarka a rumbunanku da aikin hannuwanku, ya kuma ba mu zaman lafiya a ƙasarmu. Amin.

Naku cikin hidimar Ubangiji,
Edita